Filin Tambaya da Amsa: Ɗigon da Ya Faɗi Daga Adireshi

Masu karatu, assalamu alaikum. Cikin saƙonnin da suka taru mini wannan watan akwai huɗu da suka haɗu a kan magana ɗaya, wato kuskuren rubutu a cikin bayanan da ke zuwa tare da umarnonin rezo, irin su ping da ip da curl, waɗanda muke bugawa a baƙin allo, wato tagar kwamfuta da ake rubuta umarni a cikinta. Na tara su wuri guda. Masu tambaya kan wayar da ke shanye mega, ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, shekara ta biyu. Ina karanta bayanin umarnin ss, mai nuna haɗe-haɗen rezo, a kwamfutata mai Ubuntu, wani nau'in Linux, sai na ga wata kalma da nake zaton ba a rubuta ta daidai ba. Na nuna wa abokina, ya yi dariya ya ce wa zai saurari ɗan Maradi a kan Ingilishi. Shin abin ya kai a kula da shi? In ya kai, wa zan gaya wa?
Ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Sofo

AMSA: Ƙanena, ya kai, kuma ba a bakin wani na ji ba.

Shekarun baya na rubuta wa yaran shagona takarda mai shafi biyu, matakan da za su bi in an kira mu haɗa kwamfutoci a ofis ko makaranta. Na yi fotokopi na raba musu. A layi na shida, inda ya kamata in sa ping 192.168.1.1, wato a ƙwanƙwasa adireshin rawuta a ji ko za ta amsa, yatsana ya tsallake ɗigo ɗaya, abin ya zama 192.168.11. Ban gani ba. Cikin watan Afrilu aka ba mu aikin wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, kwamfuta 12. Na tura yaro ɗaya, mai natsuwa ƙwarai, wanda abin da takarda ta ce shi yake yi. Ya ja waya, ya matse kawuna, ya kunna rawuta, ya buga umarnin yadda na rubuta. Shiru. Ya yanke kan wayar ya matse sabo. Shiru. Ya hau silin cikin zafin nan na bazara yana bin waya da hannu ko ɓera ya ci. Tun hantsi har aka kira la'asar yana fama, sannan ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa, a zatonsa shi ya ɓata aikin.

Da ping ya ce masa adireshin nan bai cika ba, da magana ta ƙare cikin minti ɗaya. To ba haka yake yi ba. Tsohuwar ƙa'idar karanta adireshi ta yarda a ba ta yanki uku maimakon huɗu, sai ta shimfiɗa na ƙarshen a gurbi biyu. Saboda haka 192.168.11 a wurin ping yana nufin 192.168.0.11, gidan da ba kowa a ciki. Yakan nuna haka a layin farko, amma mai jiran amsa idonsa ba ya kan layin farko. Akwai ɗan'uwan wannan tarko: ka sa sifili a gaban lamba don layuka su yi kyau, ka rubuta 192.168.1.010, sai ya karanta ta da ƙidayar takwas-takwas, ya tafi 192.168.1.8. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san wannan. A rubutunmu na Warshu, fa da ƙaf ɗigo ɗaya ne kowanne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma ba malamin da zai bar ka ka wuce da allonka in ɗigon ya sauka inda ba gurbinsa ba. Ranar nan ni na ba yaron haƙuri a gaban sauran, na karɓe takardun duka. Har yau in na tuna shi cikin silin nan raina yakan ɓaci.

Takardata yara biyar ta ɓatar. Bayanin ss kuwa yana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux a duniya, har da manyan injinan da ke riƙe da intanet. Maganar abokinka ba ta da tushe. Masu riƙon manhajojin nan gyaran suke dubawa, ba garin da ya fito ba.

Sai dai kafin ka aika, ka tabbatar kuskure ne. Mu da muka yi lakwal da Faransanci idonmu yana yawan yaudarar mu. Mun saba da adresse, sai mu ga address da d biyu mu ce an yi tuntuɓe, alhali haka yake a Ingilishi. Haka connexion da connection, haka exemple da example. Sannan Ingilishin kansa biyu ne, na Ingila da na Amurka, kuma a cikin umarnin ip duka biyun suna zaune lafiya: akwai ip neighbour da rubutun Ingila, akwai zaɓin -color da na Amurka. Ba kuskure ba ne, kada ka taɓa. Wanda ake nufi shi ne irin recieve a maimakon receive, ko seperate a maimakon separate, ko kalma ta maimaita kanta sau biyu a jere. Buɗe ƙamus ka duba, ko da kana ganin ka sani.

Bayan haka ka tuna cewa abin da ke kwamfutarka kwafi ne. Ubuntu ba su suka rubuta ss ba, ɗauko shi suka yi daga wani kunshi mai suna iproute2, wanda Alexey Kuznetsov ya faro, Stephen Hemminger kuma ya daɗe yana riƙe da shi. Cikinsa ip da ss da tc suke, kuma shi ya gaji tsofaffin ifconfig da netstat. Kwafin da ke hannunka zai iya kai shekara biyu da tsufa, mai yiwuwa wani ya riga ka gyarawa. Don haka tushen za ka je. Ka ɗauko shi da git, manhajar da ke ajiye tarihin gyare-gyare, ka buga git clone, ka haɗa da --depth 1 domin ya kawo maka sabon kaɗai ba tare da tarihin shekaru ba, megarka ta huta. Shafukan bayanin suna cikin man/man8. Nemi kalmar da grep -rn. In ba ta nan, an riga ka, ka gode wa Allah ka ci gaba da karatu. In tana nan, aiki ya same ka.

Da ka buɗe fayil ɗin, wato ss.8, za ka ga bai yi kama da abin da ka saba gani a allo ba. Layuka na farawa da ɗigo, .B da .TP da .SH. Wannan tsarin rubutu tun farkon Unix yake, wato tsarin da aka kwaikwaya aka yi Linux, littafin jagoransu na farko ya fito a 1971 daga hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie, kuma har yau a kan wannan turba ake rubuta shafukan. Kalmarka kaɗai za ka gyara, ka bar sauran yadda ka same su. Musamman inda ka ga \- a gaban zaɓi, kada ka ce karkatacciyar sandar nan datti ce ka share ta. Ita ke tabbatar da cewa karan da zai fito a allo shi ne wanda baƙin allo ya sani. In babu ita, wani karan daban na iya fitowa mai kama da shi sak, mutum ya kwafa ya liƙa, umarni ya ƙi. Da groff 1.23, mai tsara shafukan nan su fito a allo, ya fito a 2023, wannan maganar ta tashi sosai, domin shafukan da aka yi sakaci a cikinsu sun fito fili. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

In ka gama, duba shafin da man, umarnin buɗe shafukan bayani, ka buga man -l ka ga ya fito lafiya. Sai ka yi git commit -s. Wannan -s ɗin yana sa sunanka a ƙasa, shaidar cewa kai ka yi gyaran kuma ka yarda a yi amfani da shi. Bayanin ya zama gajere, fayil kaza, kalma kaza ta koma kaza. Abin da zai fito daga git format-patch shi ake kira faci, kamar dai facin taya. Mutanen iproute2 ta imel suke karɓar faci, da rubutu tsantsa ba ado, shi ya sa ake amfani da git send-email. Su curl da iputils, inda ping na Linux yake, ta GitHub suke karɓa. Kowane gida da ƙofarsa, karanta fayil ɗin README kafin ka yi sallama.

Akwai wata ƴar manhaja, codespell, mai bin fayiloli tana tsamo kurakuran da aka fi yi. Ka gwada ta a kan shafin duka, in ka samu uku ko huɗu ka haɗa su a faci ɗaya. Amma kowanne ka dube shi da idonka, don takan ɗauki sunan zaɓi ta ce kuskure ne. In ka aika aka kwana biyu ba amsa, kada ka karaya, mutanen aiki ya yi musu yawa. In suka ce ka gyara wani abu ka sake turowa, ka yi, wannan karatu ne kyauta.

TAMBAYA: Yaya, ni ma na kama wani babba. A bayanin curl, mai ɗauko fayil daga intanet, an rubuta --referer da r ɗaya a tsakiya, kuma ƙamus ya ce referrer ne. A wget, mai irin aikinsa, ma haka. Zan gyara su duka in aika. Ka sa mini albarka.
Mai gyaran waya, Tasawa

AMSA: Allah ya yi albarka, ƙanena, idonka ya gani daidai. Amma ka dakata, wannan ba a gyara shi.

Kuskure ne na gaske, sai dai ya riga ya zama suna. Lokacin da ake tsara yadda mai lilo (manhajar buɗe shafuka) da uwar garke (injin da ke ajiye su) za su yi magana a yanar gizo, kalmar ta shiga a haka, kuma a haka ta fito cikin takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1945 a shekarar 1996. Kafin a farga injina da yawa sun riga sun koyi sunan da r ɗaya. In curl ya ce shi zai rubuta daidai, ba injin da zai gane shi. In kuma ka gyara bayanin kaɗai ka bar manhajar, ka mai da bayanin maƙaryaci, duk wanda ya bi shi umarninsa zai ƙi. Kamar mutumin da aka yi kuskure a sunansa cikin takardar haihuwa ne, ya yi jarrabawa da shi, ya yi katin ɗan ƙasa da shi. Ranar da ya je banki karɓar kuɗi, sunan takarda zai rubuta ko yana so ko ba ya so. Da aka zo ƙirƙiro wani sabon abu daga baya, Referrer-Policy, sai aka rubuta shi da r biyu, ga su nan gefe da gefe.

Irinsu suna da yawa. Fayil ɗin da ke riƙe da adireshin masu fassara sunayen yanar gizo sunansa resolv.conf, babu e. Umarnin cire faifai umount ne, babu n bayan u. Akwai creat a cikin Unix, wanda an ruwaito cewa da aka tambayi Ken Thompson abin da zai sauya in zai sake gina Unix, ya ce zai sa masa e. Su takardun RFC kuwa da zarar an wallafa ba a sake taɓa su ko da harafi ɗaya. Wanda ya ga kuskure yakan kai rahoto, a rubuta shi a jerin gyare-gyare na daban, takardar kuma ta zauna yadda take.

Abin da nake yi kafin in taɓa kowace kalma shi ne in tambayi kaina: wannan mutum ne zai karanta ta, ko inji za a buga wa? In ta mutum ce, ƙamus ke hukunci. In ta inji ce, injin ke hukunci, sai ka buga umarnin ka ga abin da ya karɓa. Har girman harafi ana dubawa. A curl ɗin nan, -o ƙarami yana jiran ka ba shi sunan fayil, -O babba kuwa yana ɗaukar sunan da fayil ɗin ke da shi can inda ya fito. In ka samu misalin da aka musanya su, wannan ya fi kuskuren ƙamus ɗari muhimmanci, shi za ka kai da gudu.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da kwamfuta a wata cibiyar horar da ƴan mata. Bayanan da ke injinanmu da Faransanci suke fitowa, kuma nakan ga kurakurai. Sannan umarnin da nake tura wa ɗalibaina ta WhatsApp wani lokaci sai ya ƙi musu, alhali a wurina ya yi.
Malama, unguwar Zariya

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Shafukan Faransanci fassara ce, kuma yawancinsu ba masu manhajar ke yin su ba. Wasu masu sa kai ne daban, a Debian da Ubuntu aikinsu na zuwa cikin kunshin manpages-fr. Ki fara buɗe na asali ta hanyar sa LANG=C a gaban man, ki gwada su. In kuskuren yana Faransancin kaɗai, ki sauka can ƙarshen shafin, akwai sashen da ke faɗin waɗanda suka fassara da inda ake kai gyara. In yana cikin duka biyun, tushen za a fara gyarawa. Ki kuma sani fassara takan biyo baya, wani zaɓin yana cikin manhaja amma bai iso shafin Faransanci ba tukuna.

Maganar WhatsApp kuwa, ba laifin ɗalibanki ba ne. Waya da Word suna da karambanin gyara wa mutum rubutu: kara biyu a jere su mai da shi dogon kara ɗaya, alamar zance miƙaƙƙiya su lanƙwasa ta, harafin farko su mai da shi babba, ping ya zama Ping. WhatsApp kuma in ya ga rubutu tsakanin taurari biyu sai ya haɗiye taurarin ya kaurara rubutun. Ido ba ya lura, baƙin allo kuwa ba ya yafewa. Ki riƙa sa umarni tsakanin alamar ``` gaba da baya, ki kashe gyaran kai-tsaye na wayar. Kafin ki raba kowace takarda, ki kwafo kowane umarni daga cikin takardar kanta ki buga shi, kada ki buga daga ka. Da na yi haka a bayanina, da yaron nan bai hau silin ba.

Tun da da Hausa kike yi musu ƙarin bayani, ina roƙon ki da ƙugiyoyinmu. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Yarinyar da aka koya wa kula da ƙugiyar ƙ ba za ta sha wuyar kula da ɗigon adireshi ba.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya gama karatu yana taya ni zama a shago a babbar kasuwa. Da dare sai ya hau kwamfuta yana gyara wa Turawa rubutunsu, ya ce kyauta ne. Ni ban gane ba. Mega da kuɗina ake saye. Akwai abin da za a samu, ko in hana shi?
Wani Alhaji, Mokoyo

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, gaskiya zan faɗa maka: ba a biyan ko dala a kan wannan, kuma duk wanda ya ce masa gyaran harafi zai kai shi Turai ya ruɗe shi. Amma ina roƙon kada ka hana shi.

Shi ping ɗin da muke ta magana, wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta shi a Disambar 1983. Ya rasu a 2000, amma har yau ba ranar da zan buɗe shago ban ci abinci da aikinsa ba, kuma ban taɓa biyan kowa ba. Rijiya ce a bakin hanya wadda wani ya gina ya tafi, duk mai wucewa na sha. Ɗanka haki ya gani a bakinta yake ɗaukewa, kuma kai ka fi ni sanin matsayin kawar da abu mai cutarwa daga hanya.

Shi ma ba ya tashi hannu wofi. Duk facin da aka karɓa yana zama cikin tarihin manhajar da sunansa da ranar da ya yi, kowa na iya dubawa, ba takardar shaida ba ce da za a ce an saya. Daniel Stenberg, mai curl, har fayil yake da shi na sunayen waɗanda suka taimaka, dubbai ne a ciki. Yana koyon git, wanda kusan duk inda ake rubuta manhaja yau da shi ake aiki. Yana koyon rubuta saƙo gajere da Ingilishi, a ce masa ya yi kuskure ya gyara bai yi fushi ba. Kuma wanda ke neman kuskure a shafi dole ya karanta shafin tun daga sama har ƙasa, abin da mafi yawan masu sana'armu ba su taɓa yi ba. A cikin yarana, waɗanda suka saba da wannan karatu su nake turawa aiki ni in zauna hankali kwance.

Megar ba ta da yawa, rubutu ne tsantsa, bai kai abin da bidiyon ƴan mintuna ke ci ba. Abin da zan ce ka sa masa ido a kai biyu ne. Kada ya shiga lokacin shago. Kuma kada ya zama mai tara suna, yana aika gyaran da ba gyara ba don a ce ya aika. A watan Oktoban 2020 an yi irin wannan, mutane suka yi ta tura facin banza ta GitHub don neman rigar kyauta, har masu riƙon manhajoji suka gaji suka yi ta kuka. Ka tambaye shi, a cikin waɗanda ya aika nawa aka karɓa. In ya nuna maka ko ɗaya ne, to hanya yake kai.

In ka ba shi izini, ka turo mini shi ranar Asabar bayan la'asar da kwamfutarsa. Takardar nan tawa ta yara yanzu ta kai shafi tara, na ƙara mata sashen ip route da na tcpdump, kuma ba zan kai ta fotokopi ba sai wani idon da ba nawa ba ya bi ta layi-layi.